Me ya sa Birnin Ƙonni take Nijar alhali tana bakin ƙofar Sakkwato?

Tambaya: Malam, ni mutumin Gwadabawa ne, dangin mahaifiyata kuma suna Birnin Ƙonni. Harshenmu ɗaya, muna auratayya, amma su ana ce musu 'yan Nijar, mu 'yan Najeriya. Me ya zaunar da garin a inda yake, kuma yaya aka yi ya faɗa hannun Faransa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka yi, amma tushensu ɗaya. Ruwa ne ya tara mutane a Ƙonni tun farko, kuma neman ruwa ne ya sa Faransawa suka yi ta naci har aka sallama musu ita. Kafin mu kai ga Turawa, ka riƙe wannan: Ƙonni ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsakiyar ƙasa, hanyoyi suna shigo mata ta kowace kusurwa. Zamanta garin bakin iyaka abu ne na kimanin shekara 120 kacal.

In ka buɗe taswira ka ɗora yatsa a kan Sakkwato, ka ja shi arewa sak ba karkacewa, a kan Ƙonni zai sauka. Tsakaninsu a miƙe kilomita 80 ne da 'yan kai, a mota kuma ta garinku da Illela ba a cika 100 ba. Tawa, hedikwatar jihar da Ƙonni take ciki, tana arewa da kimanin kilomita 130. Yamai kuwa tana can yamma, wajen kilomita 420. Ke nan mutumin Ƙonni zai je Sakkwato ya dawo sau biyu kafin maƙwabcinsa ya isa babban birnin ƙasarsu. A ƙidayar 2012 an samu mutum kimanin 63,000 a cikin garin, ban da ƙauyukan da ke kewaye.

Arewa da garin ƙasar Adar ce, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da jan marmara ya lulluɓe. Ruwa ba ya zama a kansu. Da an yi ruwan sama sai ya gangaro da gudu ta kwazazzabai, ya kwaso ƙasa da taki, ya taru a kwari. Babban kwarin wannan ɓangare shi ne Majiya. Korama ce ta damina, da rani yashi kawai za ka gani a cikinta. Tana tasowa daga tuddan gabashin Adar wajen Buza, ta gangaro kudu maso yamma, ta bi ta gefen Ƙonni, ta tsallaka cikin Najeriya, ta zube a tafkin Kalmalo kusa da Illela. Nan tafiyarta take ƙarewa.

Ruwan da yankin yake samu a shekara bai wuce milimita 500 ba a tsaka-tsaki, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, kuma shekaru ba sa kama da juna. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan ƙasa, wurin da ruwa yake kwana a ƙarƙashin laka har rani, wanda za a haƙa rijiya gaba biyu ko uku a ga damshi, dukiya ne da ake yaƙi a kansa. Manomin Ƙonni yana da gona iri biyu: jigawa ta gero da wake, da fadama mai baƙar laka ta dawa da auduga da alkama da albasa. In damina ta yi gardama a tudu, fadama ta rufa asiri. Ka lura da rumbunan ƙauyukan da ke kan hanya in ka wuce. Na laka ne, manya, masu faɗin ciki kamar tulu, an ɗora su a kan duwatsu saboda gara da damshi, bakinsu yana sama an kifa masa hular ciyawa. Mai gida sai ya kafa tsani ya hau, ya zura yaro ciki ya miƙo masa damin gero. A wasu ƙauyukan rumbunan sun fi ɗakunan kwana tsayi da yawa. Mutanen da suka saba ajiye hatsin shekara mai albarka don shekarar fari ne suke gina irin wannan.

Ko a ƙarƙashin ƙasa ma yankin ɗaya ne da naku. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza, gabas da Ƙonni, ana yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa ne a Kalambaina ta Sakkwato. Wani tsohon teku da ya taɓa rufe wannan sashe miliyoyin shekaru da suka wuce ne ya bar shi, shi ya sa ake tsintar ɓawon dodon koɗi da ya zama dutse a cikinsa. Masana'antun biyu duka a shekarun 1960 aka kafa su, kowace ƙasa tana haƙar nata gefen.

Mazaunan wurin na farko Hausawa ne manoma da mafarauta, waɗanda ake kira Azna ko Arna. Har yau a ƙauyen Masallata, 'yan kilomitoci daga garin, zuriyarsu suna riƙe da al'adar arwa da buɗin daji, inda ake taruwa shekara-shekara su faɗi abin da suke hasashen damina za ta zo da shi. Ƙonni garin Musulmi ne tun da daɗewa, malamai kuma suna da abin faɗa a kan wannan al'ada. Ga mai binciken tarihi dai shaida ce mai ƙarfi, domin tana nuna wanda ya fara sare dajin. A ƙasar Hausa sau da yawa masu ƙasa daban, masu sarauta daban, kuma sarauta takan sauya hannu ta bar masu ƙasa a inda suke.

Ta kuwa sauya hannu. A ƙarni na 16, da Kanta ya kafa daular Kabi da birninsa Surame, ikonsa ya kai har Adar, Ƙonni tana cikin wannan inuwa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta koma hannun mutanen Abzin. Daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta fito, wadda take zaune yau a Illela. Kada ka rikice, ba Illelarku ta jihar Sakkwato nake nufi ba, akwai wata Illela a cikin Nijar tsakanin Ƙonni da Tawa. A ƙarni na 18 kuma Gobirawa suka yi ƙarfi, suka ci Zamfara, suka kafa Alƙalawa, Ƙonni ta koma bin Gobir. Ƙaramar masarauta ce da ke tsakanin manya uku, kowa yana son fadamarta da hanyarta.

Abin da ya kamata kowane Basakkwace ya sani, wanda sau da yawa ba a koyar da shi da kyau a makaranta, shi ne gidan Shehu Usmanu kansa daga wannan ƙasa ya fito. Ƙaninsa Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta cewa kakansu Musa Jakollo ya taso da jama'arsa Toronkawa daga Futa Toro, ya sauka a ƙasar Ƙonni, masana kuma suna kai zuwan nasa wajen ƙarni na 15. Zuriyarsa sun yi tsatso bayan tsatso a nan suna kiwo suna karantarwa. A Maratta aka haifi Shehu a 1754, ƙauyen da ke kusa da Galmi, gabas da Ƙonni, cikin Nijar ta yau. Daga baya iyalin suka koma Ɗagel. Babban malaminsa, Malam Jibrilla ɗan Umaru, shi ma mutumin wannan shiyya ta Adar ne.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Ƙonni na cikin wuraren farko da jama'ar Shehu suka fuskanta. An gwabza a Matankari, sannan aka ci Birnin Ƙonni. Suna can labari ya iske su cewa Sarkin Gobir Yunfa ya nufo Gudu da rundunarsa, suka juyo da gaggawa, aka haɗu a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Aliyu Jedo, wanda aka ba shugabancin mayaƙa, shi ne jagoran Fulanin Ƙonni, kuma sarautar Sarkin Yaƙin Binji tana gidansa har yau. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Daga nan har ƙarshen ƙarni, Ƙonni birni ce mai ganuwa da sarkinta, tana kai gaisuwa Sakkwato, ayarin Abzinawa masu gishiri da kanwa da dabino suna sauka a zangonta su koma da hatsi da tufafi.

Turawa sun raba wannan ƙasa a takarda tun ba su taka ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya zauna a ɓangaren Ingila. Babu wanda ya san iyakar daular a cikinsu, don haka a ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris. Wannan karon suka ɗauki birnin Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana baka mai nisan mil 100, wato kilomita 160, ta arewa. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Ƙonni tana wajen rabin wannan nisa, ke nan tana can tsakiyar rabon Ingila, layin ya wuce ne ta kusa da Tawa. A lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa, ba wanda ya tambaye shi. Sakkwato ba ta faɗa hannun Ingila ba sai a Maris na 1903.

Shekara guda bayan wannan zane masifa ta sauko wa Ƙonni. Faransa ta tura rundunar da za ta bi ta ƙasar Hausa zuwa tafkin Cadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, wanda mahaifinsa janar ne da ya riƙe ministan yaƙi. Rundunar ta yi nauyi fiye da abin da ƙasar za ta iya ciyarwa: sojoji, 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, mata da bayi da dabbobin ganima. Tun daga bakin Kwara suke ƙone garuruwa suna kashe mutane. Da suka duba hanyar arewa da yarjejeniya ta bar musu suka ga babu rijiyoyin da za su shayar da wannan taro, sai suka yanko ta cikin rabon Ingila. A Afrilun 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka iso Ƙonni, suka fasa ganuwa da igwa, suka shiga. Dubban mutane aka kashe, maza da mata da yara, aka kwashi wasu bayi, aka zuba gawarwaki a manyan ramuka. Wannan kisa yana cikin mafi muni da aka yi a tarihin mamayar Faransa a Afirka, kuma bai kamata a riƙa ambatonsa a layi ɗaya a wuce ba.

Labarin ta'asar ya riga ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa da ya bar rundunar. Aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama. Bai sha wahalar gano hanyarsu ba, toka da gawa ya yi ta bi. A ranar 14 ga Yuli 1899, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen garin Mai Jirgi. Faransa ta ce zafin Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, amma ba ta mayar da taƙi ɗaya na ƙasar da aka ci ba. Sauran rundunar ta ci gaba, ta kama Damagaram a ƙarshen watan, ta kai har Kusuri inda aka kashe Rabe a Afrilun 1900. A 'yan shekarun nan jikokin waɗanda abin ya shafa, har da na Ƙonni, sun kai kuka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifinta. Ina ganin haƙƙinsu ne.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Faransa ta samu Damagaram, amma ba ta da hanyar zuwa can. Daga Kwara dole ayarinta ya kewaye bakan Sakkwato ta Filinge da Tawa, ya ratsa daji mai nisa da babu ruwa, raƙuma da shanun dako suna mutuwa. Hanyar da take da rijiyoyi da hatsi ita ce ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa da Maraɗi, kuma mafi yawanta tana hannun Ingila. Da ƙasashen biyu suka zauna sasanta rigingimunsu na duniya a Afrilun 1904, Faransa ta kawo wannan buƙata. Ta haƙura da wani tsohon haƙƙinta na shanya kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gabashin Kanada ta yau, aka saka mata da wasu yankuna a Afirka ta Yamma, ciki har da sauko da wannan iyaka kudu. Amma ko a wannan zama Ƙonni ba ta tafi ba. Rubutun ya ce layin zai bi ta wani wuri kilomita 20 arewa da Ƙonni, sannan ya miƙe zuwa kilomita 15 kudu da Maraɗi. Maraɗi ta shiga Faransa, Ƙonni ta saura a Ingila. Sai da jami'an Faransa suka auna ƙasar suka ce hanyar har yanzu ba ta biyu ba, aka sake zama a Landan ranar 29 ga Mayu 1906, aka zame layin zuwa kudu da garin. Da yarjejeniyar 1904 ta tsaya yadda aka rubuta ta, da yau dangin mahaifiyarka 'yan jihar Sakkwato ne.

Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi layin a ƙasa tana kafa alamu 148 daga Kwara zuwa tafkin Cadi, aka tabbatar da aikin a 1910. Akwai masu cewa Turawa sun bi tsohuwar iyakar da ke tsakanin daular Sakkwato da Hausawan da suka ƙi bin ta. A Maraɗi da Tsibiri da Damagaram maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin waɗannan ba sa bin Sakkwato. A Ƙonni kuwa ba ta tsaya ba. Gari ne da ya yi shekara ɗari yana kai gaisuwa Sakkwato, aka yanke shi saboda ayarin Faransa yana buƙatar wurin shan ruwa.

Daga nan hanyoyin suka rabu. A wajenku Ingila ta bar sarakuna da alƙalansu da baitulmalinsu. A Ƙonni sarki ya koma shugaban kanto, wato gunduma, a ƙarƙashin kumandan Bafaranshe, aikinsa tara haraji da ba da mutane. Aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya bai ƙare ba sai a 1946, ga kuma kamun soja. Mutane da yawa suka tattara iyalansu suka tsallaka kudu, abin da bai fi tafiyar hantsi ba, shi ya sa za ka ji gidaje a ƙasar Illela da Gada da Gwadabawa suna cewa asalinsu Ƙonni ko Adar. Bayan 'yancin kai a 1960 ma iyakar ba ta rabu da siyasa ba. A Oktoban 1964 mayaƙan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary da aka haramta sun shigo Nijar ta kan iyakoki, yankin Ƙonni na cikin wuraren da aka zubar da jini.

Hanyar da Faransa ta yi wa naci ita ce yau babbar hanyar Nijar mai lamba 1, daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Diffa. A Tsarnawa, gabas kaɗan da garin, wata ta ɓalle arewa zuwa Tawa da Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit. Daga kudu kuma babbar hanyar da ta taso tun daga Legas ta Sakkwato a nan take ƙarewa. Garuruwa kaɗan ne a Nijar suke da irin wannan mahaɗa.

Bayan farin 1973 da 1974 gwamnatin Seyni Kountché ta mai da hankali ga noman rani. Tsakanin 1976 da 1982 aka gina babban filin ban ruwa na Ƙonni, kimanin hekta 2,450, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar. Madatsun ruwa biyu aka yi a kan Majiya, na Mozage da na Zango, doguwar hanya ta siminti tana kawo ruwan zuwa matattarar Cerasa, daga can a raba shi gona-gona. Dubban iyalai suna ci daga nan: dawa da masara da damina, alkama da albasa da tumatir da kabeji da rani. Albasar Galmi mai ruwan hoda, wadda ake loda wa manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano, 'yar wannan yanki ce. Matsalar aikin daga tudu take sauko masa. An sare itatuwan Adar, ruwan da ke gangarowa yana ɗauke da yashi da laka, madatsun suna cikewa shekara bayan shekara, har ya zama da rani wani ɓangare kawai na filin ake iya shayarwa. A 2016 Nijar da hukumar MCC ta Amurka suka sa hannu kan tallafin dala miliyan 437, gyaran filin Ƙonni na cikin manyan ayyukansa. Gyaran hanyoyin ruwa abu ne mai kyau, amma muddin ba a tare zaizayar ƙasa a can sama ba, laka za ta ci gaba da sauka.

Ruwan da aka tare a Mozage kuwa shi ne wanda da zai isa Kalmalo, manoma da masuntan can sun daɗe suna kukan tafkinsu yana janyewa. Saboda irin wannan ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, Majiya na ciki. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 take zaune a Yamai, ita ke da alhakin bin wannan magana.

Abin da ya fi ciyar da cikin gari kuwa bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu ne. Sefa a ɗaure take, da da faran na Faransa, yanzu da yuro a kan 655.957. Naira kuwa tana hawa tana sauka. In naira ta faɗi, kamar yadda ta yi tun daga 1986, mai sefa ya zama sarki a kasuwar Illela ta ranar Lahadi, ya sayi gero da masara da taki da kayan roba da araha. Amma Ba'adaren da ya koro raguna da shanu zuwa wannan kasuwa da naira za a biya shi, in ya canza sai ya ga rabin wahalarsa ta tafi. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sai lissafin ya juye na ɗan lokaci. Shi ya sa ɗan canji a Ƙonni ya fi mai jarida sanin halin da ƙasashen biyu suke ciki. Za ka same shi a kan benci a bakin tasha, ɗaurin naira da na sefa an ɗaɗɗaure da roba a gabansa, waya a kunne yana tambayar Sakkwato da Kano nawa jika ta kwana. Da dala ake lissafi, ba ta Amurka ba, sefa biyar dala ɗaya, sefa 1,000 jika guda, kuma yaro ɗan shekara goma zai juya maka wannan zuwa naira da ka kafin ka fito da wayarka.

Kaya suna tafiya ta fuska biyu. Dabbobi da wake da albasa da fatu suna gangarawa kudu. Shinkafar waje da atamfa da gwanjo da taba, waɗanda aka yi shekaru ana saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano ana biyowa da su ta Gaya, su kuma Najeriya suke nufa, wasu ta ƙofa wasu ta ɓarauniyar hanya. Man fetur mai tallafi kuma ya yi shekaru yana haurowa arewa a jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe a kowane lungu. Wannan sana'a ta girgiza da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023.

Garin da yake ci daga iyaka, rufe iyaka yunwa ce a gare shi. An rufe daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna 'Yar Buhari. A wannan zamani ne babura 'yan kabu-kabu suka yaɗu a Ƙonni, domin babur yana bin sawun jaki inda mota ba ta isa, kuma daga irin waɗannan garuruwa na bakin iyaka sana'ar ta bazu cikin Nijar. An sake rufewa a Agustan 2019 saboda shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, Illela tana cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta. Motoci suka yi layi a ɓangarorin biyu, albasa ta ruɓe a buhu, mara lafiyar da ya saba zuwa asibiti Sakkwato, da na wajenku da ya saba zuwa asibitin Galmi, suka koma bin daji. Sai a Maris na 2024 aka buɗe. A duk waɗannan lokuta ban ga babban ɗan fasa-ƙwaurin da ya talauce ba, kuɗin hanyarsa ne kawai ya ƙaru. Mai tallan fura da ɗan dako da mai akuya biyu su suka sha wuya.

Ba na musun cewa hukumomi suna da abin tsoro na gaskiya. Hanyoyin da buhun gero yake bi su makamai suke bi. A Oktoban 2020 an sace wani Ba'amurke a Masallata, aka tsallaka da shi Najeriya, inda sojojin ƙasarsa suka ƙwato shi bayan 'yan kwanaki. Dajin da ke yamma, wajen Tangaza da Gudu, nan 'yan bindigar Lakurawa suka samu wurin zama, suna shiga nan su fita can. Irin wannan sai jami'an ɓangarorin biyu suna magana da juna ake iya tare shi, kuma maganar ta yi rauni tun 2023. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, don haka ƙofar Illela da Ƙonni yanzu ta zama iyakar ƙungiyoyi biyu, ECOWAS da ƙawancen ƙasashen nan uku, binciken takardu kuma ya fi na da tsanani.